Hannun da Jalo Ya Ƙi Ɗagawa

Jalo manomi ne a wani ƙauye kusa da Madadi, a ƙasar Gwarzo. Kakanninsa makiyaya ne, amma shi a gona ya tashi, yana noma masara da dawa, yana kiwon 'yan shanun da suka rage na gado. Ba mai yawan magana ba ne. Shi ya sa mai unguwarsu, Malam Ɗayyabu, ya saka shi cikin waɗanda za su wakilci ƙauyen a taron da aka kira a Gwarzo.

A lokacin ana ta zancen gyaran tsarin mulkin ƙasa. Abin da ya fi ɗaukar hankali shi ne batun a rage ikon tarayya a kan tsaro, a bar kowace jiha ta kafa 'yan sandanta. Gyara irin wannan ba ya tabbata sai yawancin majalisun jihohi sun amince. Don haka wata ƙungiyar 'yan boko ta tara mutanen Gwarzo da Kabo, don a fitar da matsaya ɗaya a kai wa wakilai a Kano.

Wani matashin lauya mai suna Badaruddeen ne ya jagoranci taron. Ya yi bayani tsaf, ya ce mutumin da ke Abuja bai san hanyar Dugabau ba, balle ya tsare ta. Jama'a suka yi ta gyaɗa kai.

Sai Datti ya miƙe. Maƙwabcin Jalo ne, gonakinsu a jere suke. Bara ɓarayin daji suka shigo ƙauyen suka kashe ɗansa Zayyad.

"Mun yi ta kira, mun yi ta kira," in ji Datti. "Agaji bai iso ba sai da muka gama haƙa kabari. Da a ce 'ya'yanmu ne ke riƙe da bindigar nan, waɗanda suka san kowane lungu, da Zayyad yana nan."

Badaruddeen ya ce duk wanda ya amince ya ɗaga hannu. Hannaye suka tashi sama.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Kowa ya amince."

"Ban amince ba."

Aka waiwaya. Jalo ne, yana zaune, hannayensa a kan gwiwa. Malam Ɗayyabu ya jawo masa riga ta baya, amma Jalo ya miƙe.

"Baba, ko ba ka fahimci bayanin ba ne?" in ji Badaruddeen. "Sai in sake."

"Na fahimta sarai, ranka ya daɗe. Kai ne ka ce kowa, ni kuwa ina cikin kowa, kuma ban ɗaga ba."

Ya juya ya fuskanci jama'a.

"Da yawanku kun san ƙanena Haidar. Shekarun baya aka sace shanu a yankin nan. 'Yan sa-kai suka tare shi a kasuwa ya je sayen gishiri. Ba su gan shi da komai ba, kamanninsa kawai suka duba da sandar da ke kafaɗarsa. Waɗanda suka ɗaure shi ba baƙi ba ne. Akwai wanda suka yi makarantar allo tare. Sun san kowane lungu, kamar yadda Datti ya ce, har lungun da za su kai mutum ba a ji ihunsa ba. Wanda ya kwance shi wani jami'i ne da aka turo daga can kudu, ko Hausa bai iya ba. Ba shi da suruki a nan, ba shi da uban gida a nan. Ya ce a kawo shaida, aka rasa. Haidar ya dawo gida, amma har yau ƙafarsa ta dama ba ta taka ƙasa daidai."

"To ai 'yan sa-kai daban, 'yan sandan jiha daban!" wani ya faɗa daga baya.

"Su wa za a ɗauka aikin?" in ji Jalo. "Daga sama za a sauko da su? Ku gaya mini inda zan kai kuka in na kusa ya zalunce ni. In kun rubuta wannan a cikin gyaran, yanzu zan ɗaga hannu biyu."

Hayaniya ta kaure. Datti ya nuna shi da yatsa.

"Jalo, da hannunka ka ɗauki gawar Zayyad. Yau kai ne kake faɗin haka?"

"Na ɗauka, Datti, kuma na yi kuka. Ban ce ciwonka ƙarya ba ne. Nawa ma ba ƙarya ba ne."

Badaruddeen ya nemi a yi shiru. Ya ce in aka kai matsaya da ɓaraka za ta yi rauni, don Allah Baba ya yi haƙuri ya bi jama'a. Malam Ɗayyabu ya raɗa masa cewa kada ya ba ƙauyensu kunya. Jalo ya ce su kai matsayarsu, ba zai hana ba, amma kada a ce da yawunsa. Sai wata dattijuwa daga Dugabau, Inna Dela, ta ce ita ta ɗaga hannu kuma ba ta sauke ba, amma ƙarya ce ba ta so. A faɗa cewa mutum ɗaya ya ƙi. Badaruddeen ya ce za a duba, aka shafa fatiha.

Ba a duba ba. Da aka karanta labarin taron a rediyo, cewa aka yi baki ya zo ɗaya.

A ƙauye abubuwa suka canza. Datti ya daina amsa gaisuwar Jalo sai da ka. A masallaci wasu suka fara cewa dama jinin su Jalo ɗaya ne da na ɓarayin daji. Matarsa Hamida ta roƙe shi ya je ya ba mai unguwa haƙuri, don 'ya'yansu a nan za su zauna. Jalo ya ce saboda a nan za su zauna ne ba zai je ba.

Ranar da aka sa don jin ra'ayin jama'a a Kano, ya tashi Haidar da sassafe, suka hau mota a tashar Gwarzo. A ƙofar zauren wani ma'aikaci ya ce ƙungiyoyi kawai aka tsara za su yi magana, kuma an riga an karɓi ta Gwarzo da Kabo.

"An karɓi tasu," in ji Jalo. "Tawa tana bakina."

Ya zaunar da Haidar a kan matakala, shi kuma ya tsaya. Rana ta take, bai gusa ba. Duk wanda ya tambaya, sai ya ba shi labarin daga farko. Wajen la'asar Badaruddeen ya fito shan iska ya gan su. Ya daɗe yana kallon ƙafar Haidar, sannan ya koma ciki. Da ya dawo ya ce ya samo musu ɗan lokaci kaɗan, amma shi ra'ayinsa bai canza ba.

"Ban ce ka canza ba," in ji Jalo.

Ya shiga ya faɗi abin da ya faɗa a Gwarzo, bai ƙara ba, bai rage ba. Wasu suka rubuta, wasu suna duba waya. Ba wanda ya yi masa alkawarin komai.

Washegari ya fita gona. Datti na can a tasa yana nome ciyawa. Jalo ya yi masa barka da aiki da ƙarfi, yadda ya saba. Datti bai ɗago ba. Jalo ya ɗauki fartanya ya kama kunyar da ke kan iyaka.