Busasshen Ƙyallen Basil

"Boeta Isgak, ka kira mutanen wurin aikinsa?" in ji Merle. Tana tsaye tana goge baƙar kwat ɗin da za a sa wa gawar mijinta.

Isgak ya ce layin ba ya shiga. Ƙarya yake yi, kuma bawan Allah bai iya ta ba.

Katanga ɗaya ta raba gidansa da na Basil Koopman, mijin Merle, a unguwar Athlone, inda ake ce wa Isgak Boeta, wato yaya. Shekara talatin Basil yana busa kilarinet, baƙar sarewar nan ta katako, a ƙungiyar makaɗan birni. Da leɓensa ya fara rawa aka sallame shi salin-alin, yau shekara biyu. Bai gaya wa matarsa ba. Kowace safiya sai ya rungumi akwatin sarewa ya shiga tasin Isgak, a sauke shi a bakin teku. A kan wani benci a can zuciyar Basil ta tsaya ranar Talata. Isgak ya ce wa Merle a ƙofar ɗakin atisaye ya faɗi, don ya yi wa mamacin alkawarin rufa masa asiri. Yanzu in makaɗan suka zo jana'iza, wani zai yi suɓutar baki.

"Ai mawaƙan coci sun isa, Anti Merle."

"Zauna, Boeta. Sai gumi kake yi kamar ɓarawon kaza."

Ta buɗe akwatin sarewar ta zaro wani ƙyalle mai igiya, wanda ake zurawa cikin sarewa a tsane danshi.

"Duk Asabar ni nake wanke wannan. Da a jiƙe yake dawowa, yana warin yawu. Shekara biyu ke nan a bushe nake samunsa."

Kunya ta kama Isgak. "Kin sani, kika yi shiru?"

"Shi ma ai shiru ya yi. Sai in wanke in shanya inda zai gani." Ta kashe dutsen guga. "Abin da yake ci na, ban san inda yake wuni ba."

"Kalk Bay. Yana kallon masunta."

"Shi kaɗai?"

"Shi kaɗai."

"Burodin da nake ƙunsa masa fa?"

"Yakan ci rabi, ya watsa wa tsuntsaye rabi."

Ta mayar da ƙyallen cikin akwatin. Can ta ɗaura ɗankwali ta ce ya kai ta wurin.

Da suka isa, Isgak ya nuna mata bencin daga cikin mota. Merle ta zauna a gefe ɗaya, jakarta a cinya. Tsuntsaye suka sauko kusa da takalminta suna jira.