Ƙwanson Watan Mayu

Sakatar bindigar ta ƙi rufuwa. Hanlie Oberholzer ta tura ta gaba, ta zo saukar da ita, sai ta cije a rabin hanya kamar ƙofar katako da damina. Ta zaro ƙwanson harsashin, ta saka wani. Haka. Na uku ma haka, na huɗu kuwa har sai da ta buga da tafin hannu kafin ya yarda ya fito. Ƙwanson wofi ne, ba albarushi ba komai, don tun tana 'yar shekara goma sha biyu babanta ya koya mata ba a cika ƙwanso sai an gwada shi a bindigar da za ta harba shi.

Ranar Alhamis ce da safe, farautar barewa kuwa Asabar.

Babanta, Tertius, ya yi shekara talatin da takwas bai sayi harsashin kanti ba. Makiyayan wannan yanki na Karoo sukan kau da kai daga laifuffuka da yawa, amma wanda ya zo farauta da harsashin kanti zai sha tsiya har shekara ta zagayo. Abin da aka harba a tsince shi, a wanke, a sa a injin matsa ya koma girmansa, a sake cikawa. Aikin Tertius kuma shi ne abin misali. Ba a taɓa jin harsashinsa ya ba shi kunya ba. Sati uku ke nan da aka binne shi a bayan garken tumaki, kusa da matarsa. Al'adar gonaki takwas da ke farauta tare a nan ita ce, shekarar da mutum ya mutu magajinsa ne zai zauna a dutsensa ranar farauta, wato inda yake laɓewa a koro masa barewa, da bindigarsa, da harsashin da aka yi da ƙwanson da ya bari. In magajin bai zo ba, ko ya zo da na wani, dutsen ya bar gidan ke nan. Hanlie ce kaɗai 'yarsa. Ta ɗauki hutu daga asibitin dabbobin da take aiki a Graaff-Reinet saboda wannan, ga shi akwatin ƙwanso na farko da ta sauko da shi daga kan kantar rumfar aikinsa ya tsaya mata a wuya.

Ta fara da abin da kowa zai fara da shi. Ta zura buroshi a gurbin harsashi, ta bi da tsumma, tsumman ya fito fari tas. Ta ɗauko ma'auni ta auna tsawon ƙwanso goma, ko wuyansu ya miƙe ya wuce ƙa'ida. Babu wanda ya wuce ko da gashin kai ne. Ta duba ko akwai kumburi a gindi, ba ta ga komai ba. Daga nan ta yi tsaki, ta kira Oom Fanus Koekemoer a waya; Oom, wato kawu, haka ake kiran dattawa a nan.

Gonarsa ce maƙwabciyar tasu, tafiyar rabin awa, kuma shi ne mafi tsufa a cikin mafarautan, saboda haka maganarsa ce ake bi. Ya iso a tsohuwar a-kori-kurarsa da karensa a gaba, ya shigo rumfar aikin yana murza hannu don sanyi.

"Oom ya karya kuwa?"

"Na karya, 'yar nan, cikina ne dai ba a gaya masa ba. Ina kofi?"

Ta zuba masa, ta tura masa gwangwanin busasshen burodi. Sai da ya tsoma biyu ya cinye sannan ya karɓi bindigar. Ya gwada sau ɗaya, bai matsa ba.

"Kin yi kyau da ba ki cika su ba. Wancan sakaran surukin nawa da guduma yake rufe tasa, wata rana za mu tsinci girarsa a kan waya. Kawo kyandir."

"Akwai alƙalamin tawada, Oom."

"Na ce kyandir. Tawada ta 'yan birni ce."

Ya riƙe ƙwanson a saman harshen wutar yana juya shi har ya yi baƙi ƙirin daga wuya zuwa gindi. Ya bari ya huce, ya zura shi a hankali, ya sauke sakatar har inda ta cije, ya zaro. Baƙin hayaƙin yana nan ko'ina, sai a kafaɗa kawai, inda ƙwanson ke tsukewa ya zama wuya, wani siririn zobe ya goge, tagulla tana ƙyalli.

"Ga ɓarawon. Kafaɗa ce ba ta koma baya ba. Mamatsin ya kwance, ina jin."

"Mamatsin Pa? Ya kwance?" in ji Hanlie, don Pa take kiran babanta.

"Ƙarfe ne, ba mala'ika ba."

Hanlie ta nuna masa da yatsa. Mamatsin, wato bututun ƙarfen da ƙwanso ke shiga a matse shi, yana ɗaure a kan injin, kuma Tertius ya ɗiga jan fenti a mahaɗarsa don in ya motsa a gani. Fentin bai ko tsage ba. Oom Fanus ya sunkuya ya leƙa, ya sosa ƙeya. Ya je bokitin ƙwanson da ba a taɓa ba ya ɗauko ɗaya, ya shafa masa mai, ya ɗora.

"Ja."

Ta ja hannun injin har ƙasa, har ya yi wannan 'yar ƙarar ta ƙarshe. Suka goge ƙwanson, suka saka a bindiga. Sakatar ta sauka da yatsa ɗaya.

"To," in ji tsohon. "Bindiga ba ta da laifi. Mamatsi ba shi da laifi."

Bai ƙarasa ba, ita ma ba ta taya shi ba. Ranta ya ɓaci, kuma ta san da wa ya ɓaci: da wannan tsohon da ke tsaye a rumfar ubanta, yana cin burodin ubanta, yana neman ya ce ubanta ya yi aikin banza.

"Oom na nufin Pa bai iya matsa ƙwanso ba ke nan."

"Ni na faɗa? Shi ya koya mini, ja'irar yarinya. Akwati nawa ya bari?"

Uku ne, hamsin-hamsin. Ta sauko da sauran biyun. Tertius ba ya rufe akwati sai ya rubuta wata a murfin, in kuma ya gama gwada su a bindiga sai ya yi ɗan gicciye a gefe. Na ƙasa an rubuta Janairu, da gicciye. Na tsakiya Maris, da gicciyen da ƙafarsa ɗaya ta karkace. Na saman, wanda ta fara da shi, Mayu. Sai yanzu ta lura babu gicciye.

Na Janairu suka shiga sumul. Na Maris suka shiga, amma sai an ɗan danna da babban yatsa. Na Mayu sun riga sun san halinsu.

Oom Fanus ya ɗauki na Mayu guda, ya shafa mai, ya ɗora a injin. Muryarsa ta sauka.

"Ja a hankali. Ki gaya mini inda ya yi nauyi."

Ta ja. Hannun injin ya yi ta sauka ba wani nauyi, kamar babu komai a ciki, ya wuce rabi, ya kusa ƙasa. Saura kamar faɗin yatsu biyu sai ya tokare. Ta san wurin. Nan ne kullum ake sa ƙarfin kafaɗa, nan ne babanta yake cewa mai ƙyuya ke tsayawa.

"Nan," ta ce.

"Nan ya tsaya."

Ta riƙe ƙarfen ba ta sake ba, ba ta kuma danna ba. Likita ya ce musu zuciya ce, farat ɗaya, kuma ta karɓi wannan maganar hannu biyu don ta yi mata daɗi. Ga shi akwatuna uku sun ƙaryata likita: watanni ke nan ƙarfinsa yana raguwa.

"Tun lokacin askin tumaki," in ji Oom Fanus, "babanki yake cewa in sauka in buɗe ƙofar shinge, wai shi ne direba. Shekara arba'in yana rigana sauka. Na ce tsufa ya sa shi sarauta. Har tsiya na yi masa." Ya fyace hanci da wani ƙazamin hankici. "Ban tambaya ba. Mu ba ma tambaya, kin sani."

Ta sani. A watan Maris ɗin nan Tertius ya kira ta, abin da ba ya yi sai ranar Lahadi, ya ce ko za ta zo sati biyu ta ɗan taya shi aiki. Tana tsaye a kan wani kare da aka yi wa fiɗa, ta yi dariya ta ce, "Haba Pa, kai da kake ɗaga rago kai kaɗai? Sai hutun sanyi." Ya ce haka ne, shi ma ya yi dariya. Bai sake tambaya ba. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta da wurin zuwa, don wanda za a ba haƙuri yana bayan garke.

"Bai yi gicciye ba," in ji tsohon, yana ƙwanƙwasa murfin da farce. "Kin gani? Ya gwada, ya ji, bai sa hannu ba. Bai taɓa cewa ya gama ba. Kar ki bari wani ya ce Tertius ya yi aikin banza." Ya tura mata akwatin Janairu. "Cika waɗannan. Hamsin sun ishe ki, ko barewar duniya za a koro miki. Na Mayu ki mayar kan kanta."

Hanlie ta dubi akwatin Janairu. Lafiyayyen aiki ne, na mutumin da ta sani.

"In na ƙarasa na Mayu, Oom, nasa ne ko nawa?"

"Shi ya harba su, shi ya wanke, shi ya fara matsawa. Duk wanda ya ce ba nasa ba ne ranar Asabar ya zo ya same ni, in bai ji tsoron Allah ba, zai ji tsoron bakina."

Ta mayar da na Janairu kan kanta. Ta gyara tsayuwa, ta sa kafaɗa, ta danna hannun injin ya wuce yatsu biyun nan har ya yi ƙara. Ta goge ƙwanson, ta saka a bindiga, sakatar ta sauka shiru.

Oom Fanus ya ja kujera ya zauna yana shafa mai yana miƙa mata, karensa ya kwanta a hasken rana a bakin ƙofa. Kowane ƙwanso sai ya kai ta daidai inda ubanta ya kai, sannan ya bar mata sauran. Wasu faɗin yatsu biyu, wasu, na layin ƙarshe, kusan uku. A kan waɗannan ta fi daɗewa.

Rana ta take tsaka lokacin da na hamsin ya shiga ya fito. Ta jera su, ta rufe akwatin. Fensirinsa yana nan ɗaure da zare a jikin ƙusa, duk ya tauna gindinsa. Ta ciro shi, ta yi gicciyen a gefen Mayu, inda ya bar wurin.