Safiyar da Clifford Ya Ce Na Gode

"Wannan shayi ne ko ruwan wanke-wanke?" in ji Clifford, yana ture kofin gefe.

"Yau ma da ƙafar hagu ka sauko daga gado, tsoho?" Doreen ta ce. "Shanye, kada ka dame ni."

Bango ɗaya ya raba gidajensu a wani layi na birnin Hull, a Ingila. Tun da aka binne matarsa, ita take kai masa karin kumallo. Tsohon ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma bai taɓa wayar gari da fara'a ba. Burodi ya ƙone, ruwan sama ya ishe shi, mai kawo wasiƙu ya cika buga ƙofa. Sai rana ta ɗaga yake hucewa.

Ranar Laraba ta tarar da shi zaune ya taje gashinsa. Ya kurɓi shayin, ya dube ta.

"Ya yi daɗi. Na gode, Doreen."

Bai taɓa gode mata da safe ba. Tana komawa gida ta buga wa 'yarsa Gillian waya a Leeds.

"Anti Doreen, aiki ya yi mini yawa. Sai Asabar."

"Ki zo yau. Babanki ya ce mini ya gode."

"Ga ni nan zuwa."

Da yamma Gillian ta iso a jirgin ƙasa. Washegari Doreen ta shigo daidai lokacin da Gillian take zuge labule.

"Rufe mana! So kike ki makantar da ni?" Muryarsa da ƙyar take fita. "Kuma wane mugu ya yi miki wannan askin?"

Gillian ta fashe da dariya, hawaye na zuba. Ta soya masa ƙwai, ya ce ya bushe, ya ɗan taɓa kaɗan. Doreen ta bar su tare.

Kafin tsakar rana ta jiyo kukan Gillian ta bango. A kujerarsa ya cika, hannunsa riƙe da na 'yarsa.

Bayan an tafi da gawar aka fara yayyafi. Rigunansa biyu na kan igiya a bayan gida. Doreen ta kwaso su, ta tsaya a bakin ƙofa tana ninkewa, duk da ba su gama bushewa ba.