Ba a Zubar da Hoton Manaja

Da hantsi ne, rana ta fara cizo, fankar ɗakin taro na juyawa kamar an roƙe ta. Dogo, wanda aka ɗauka gwaji don ya rubuta manhajar kunna bidiyo, yana zaune gaban tsohuwar kwamfutar ofis. Da la'asar za a nuna wa masu kamfanin bidiyon jawabin Manaja, kuma an riga an shaida wa Dogo cewa in abin ya lalace, ba sai ya dawo gobe ba.

Kwamfutar ta gaji, hoto yakan makara. Don haka Dogo ya sa sauti ya zama jagora: duk hoton da ya iso a makare, manhajar ta jefar da shi ta kama na gaba, baki ya tafi daidai da murya.

Manaja ya shigo duba aiki, ya ga hannunsa a allo ya tashi daga ƙirji ya isa sama bai ga tafiyarsa ba. Ya tambayi inda ragowar hannunsa ta shiga. Dogo ya yi masa bayani a hankali.

"Wato ni kake zubarwa?"

"Ranka ya daɗe, waɗanda suka makara ne kawai."

"Ni ban taɓa makara ba. Ka mayar da ni gaba ɗayana."

Sakatariya, wadda kullum sai da azahar take ɗumama masa shayin safe, ta sunkuyar da kai. Dogo ya so ya ƙara magana, ya tuna da gobe, ya yi yadda aka ce.

La'asar ta yi, masu kamfani suka zauna. Da farko lafiya lau. Can sai murya ta yi gaba ta bar mai ita. Ana jin Manaja na jajanta rasuwar wani ma'aikaci, fuskarsa kuwa na can baya tana dariyar ribar bara. Wani cikin manyan ya kama tarin da ba na mura ba. Muryar ta yi godiya ta yi sallama, Manajan allo na ta tauna iska.

Dogo ya san abin da ke tafe. Ranar ɗaukar bidiyon an kashe makirufo an manta da kamara, Manaja kuma ya jawo labulen ofis ya share gumin wuyansa da na hammata. A da, manhajar kan tsaya inda sauti ya ƙare. Yanzu an ce kada a zubar da ko ɗaya.

A allo, hannun Manaja ya miƙa wajen labule, sannu a hankali, ba abin da ya ɓace. Dogo ya zura ƙafa ƙarƙashin tebur ya fizge wayar wuta. Allo ya yi baƙi.

Da aka watse, Manaja ya wuce ta gabansa ko kallo babu.

"Gobe ka zo da wuri ka gyara shirmenka."

Dogo ya ce to, ya durƙusa yana naɗe wayar.