Rufin Islamiyyarmu

Saura kaɗan in fasa rubuta wannan. A aji huɗu na bar firamare, kuma ko a gida ba na iya buɗe baki idan akwai baƙi a zaure. Amma Anti Sadiqa, malamar da ke zuwa daga Safana tana tara mata, ta ce in ba zan tsaya gaban mutane ba, in rubuta, ita za ta karanta. Ƙungiyarsu tana neman a sa wa 'yan takara iyaka kan abin da suke kashewa, gwamnati ta ba kowa daidai, a daina dogaro da aljihun ubangida. Da ban ga abin da ya haɗa ni da wannan ba, sai da rufinmu ya tafi.

Babana, Malam Sammani, yana da Islamiyya a Karare. Kwanon rufinta ya yi tsatsa, yana yoyo ta kusurwa, muna tara bokiti. Amma dai rufi ne.

Ana gab da zaɓen fid da gwani sai ga mutanen Alhaji Sadisu, mai neman majalisar jiha. Jagoransu Zaharaddeen ya durƙusa, ya gaida Baba har da tambayar awaki.

"Allah gafarta Malam, Alhaji ya ce sabon kwano, har da silin. Sai dai a kware wannan tukuna. In aka ɗauki hoto da rufi a kai, wa zai yarda akwai matsala?"

"Ba za a bari sabon ya iso ba?" in ji Baba.

"Yana mota, Malam. An gama lodi a Katsina."

Inna tana bayan ƙofa ta ce, "Motar ba ta da taya ne?" Ni kaɗai na ji ta.

Aka kware. Aka jera yara a rana, aka ce kada su yi dariya, aka ɗauki hoto. Tsohon kwanon ma suka loda, wai kada ya yanki wani.

Motar ba ta zo ba. Ɗan kwangilar da ke ɗaukar nauyin Alhaji Sadisu ya koma bayan wani, Alhaji ya faɗi, wayar Zaharaddeen ta daina shiga. Anti Sadiqa ta ce mini, "Ƙila ma Alhaji ba ƙarya ya yi niyya ba. Da kwanon wani ya yi alkawari." Wannan ya fi ba ni haushi. Ɗan kwangilar da bai taɓa taka Karare ba ya sauya ra'ayi a falonsa, mu kuma rana tana dukan yaranmu.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma yana bajewa. Sai ga Zaharaddeen ya dawo, babur ɗin nan dai, hula ce ta sauya. Yanzu yana tare da wanda ya ci.

"Malam, wancan ba shi da kowa a sama. Wannan kuwa ubangida yana bayansa. An ma yi sa'a rufin a buɗe yake, hoto ba zai ba mu wahala ba. Abin da ake so kawai, in iyaye sun zo, Malam ya ɗan ambaci sunansa."

Baba gabas yake kallo. Ni na kawo ruwa ne, kaina a ƙasa. Sai na ji bakina ya ce, "A buga kwanon tukuna."

Zaharaddeen ya yi dariya. "Malam, ashe Mutmainna tana magana? Ƙanwata, kwano sai bayan zaɓe. Haka tsarin yake."

Zaɓen kuwa sai an gama damina, an yi kaka, sanyi ya wuce.

Baba ya ce zai yi shawara. Kafin ƙarar babur ɗin ta ɓace, ruwa ya sauko. Ni da Inna muka yi ta kwasar littattafai a zani, tabarmi suna iyo. Da muka gama Baba ya zauna a zaure, rigarsa sharkaf, ya ce ƙila gara ya karɓa, ba zai rufe makaranta damina guda ba.

"Ka karɓi me, Malam?" in ji Inna. "Hoto?"

Baba ya hau matse gefen rigarsa. Na san idan aka sake ruwa irin wannan, zai kira Zaharaddeen da kansa.

Da safe na shanya littattafan a kan katanga, na sa hijabi na fita. Na yi niyyar bin gidajen iyayen yara, kowa ya ba da abin da ke jingine a bayan ɗakinsa, ko fallen kwano, ko zana, ko tamfol. Na fara da gidan Indo mai ƙuliƙuli. Na daɗe a ƙofa kafin in yi sallama. Ta saurare ni tana jan tsaki, ta ce su ma sun gaji. Ta ba ni falle ɗaya da take rufe akurki da shi, ta ɗauki mayafinta ta ce muryata ba ta fita, ita za ta yi sallama a gida na gaba.