Kakin Luba

Idrisa mahauci ne a kwatar Garwa ta ƙasar Kamaru, shi ke babbake kai da ƙafa. Mutumin da ke wuni cikin hayaƙi, ina abin mamaki in yana tari? Amma zamanin Shugaba Ahijo ne, in hukuma ta ce tsuguna, ba ka tambayar dalili.

Wata rana likitoci suka dira kwata. Zacharie, infirmiye, wato ma'aikacin jinyar da ke musu tafinta, ya ce ana binciken ko tarin fukan shanu na kama mahauta, kuma akwai sabuwar allura da ake gwadawa. Aka raba kwalabe, kowa ya tofa kaki da safe ya kawo. Wanda aka samu da cutar, sai ya ajiye wuƙa.

Idrisa ya karɓi tasa kwalbar ya tafi gida. Ya ajiye wuƙa su ci me? Da gari ya waye ya miƙa wa matarsa Luba kwalbar.

"Tofa mini a nan."

"Malam, lafiya?"

"Ke dai tofa. Ke da ba ki taɓa taka kwata ba, me za su gani?"

Ta yi dariya, ta ɗan kaƙale maƙogwaro, ta tofa. Wayo ke nan, wai an ce da kare ana biki a gidansu!

Bayan kwanaki Zacharie ya ja shi gefe. "Malam Idrisa, sai haƙuri. Kwalbarka cike take da ƙwayar cutar. Yau za ka kwanta asibiti."

Nan take ya gane. Ramar da Luba ke yi, zufan da ke jiƙa mata zane, ɗanyar madarar da take saye wurin Fulani tana sha da ɗuminta. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya hango mahauta sun zuba masa ido. Ya ce ya yaudari gwamnati? Ya ce ya ɗauko yawun matarsa ta kulle ya kai wa ƙattin maza? Ai har ya mutu yaran kwata ba za su daina yi masa waƙa ba. Ya ce a ransa gobe zai faɗa.

Da maganin ƙwaya ce ta haɗiya, da ya ɓoye a kumatu ya aika mata. To allura ce, kullum a cinyarsa. Ga shinkafa, ga nama, ga hutu. Idrisa ya murje, wuyansa ya yi kauri. Duk ranar da Luba ta zo dubiya, daga bakin taga take tsayawa, mayafin sai ƙara yi mata yawa yake.

"Malam, ka yi kyau," in ji ta. "Allah ya ƙara sauƙi."

Ya ce a ransa gobe. Kai, tir da wannan goben!

Daga baya ta daina zuwa. Wansa Dauda ne ya zo ya ce ta yi aman jini, an kai ta makwancinta bayan azahar.

A makon ne aka sake auna kakin Idrisa, nasa na gaskiya. Babban likitan ya shigo fuska a washe, da baƙi a bayansa, ya dafa masa kafaɗa yana zuba Faransanci.

"Me yake cewa?" Idrisa ya tambaya.

Zacharie ya ce, "Cewa yake a duk waɗanda aka gwada, babu wanda maganin ya karɓa kamarka. Ko ƙwayar cuta ɗaya ba ta rage ba. Gobe ka koma kan wuƙarka."