Duwatsun Sahabi

Shekara tara ke nan da ƙudan kogi ya cinye wa Sahabi ido, amma ko sau ɗaya bai yarda an ja shi ba. Taurin kai gare shi, wannan kam duk masuntan wajen Wara sun sani. Da hannunsa ya jera duwatsu daga ƙofar gida har gindin ɗorawar bakin tafki, inda yake zama yana ɗinke wa mutane taru, dutse ɗaya bayan kowane taki goma. Shekara uku ya yi yana wannan aiki, kuma ƙafarsa ta san kowane dutse.

Ɗiyarsa Larai ta daɗe da kafa masa sharaɗi: ranar da ya ɓace, ranar zai zauna gida. Shi kuwa zaman gida da kabari duk ɗaya ne a wurinsa.

Wata Laraba ya fito da hantsi, ya yi taki goma, ya laluba, babu dutse. Ya ƙara goma, babu. Girman kai ya hana shi kira. Da Larai ta same shi, yana tsaye cikin fadamar shinkafa, taɓo har gwiwa.

"Baƙi za su zo daga Birnin Kebbi, Baba," in ji ta. "Sabuwar jiha ta tuna da makafi. Saboda motarsu aka share hanya."

Washegari aka zaunar da su a filin makaranta, makafi goma sha ɗaya, rana na dukansu. Jawabi kan jawabi, duk a kan makaho ya tsaya da ƙafarsa. Sahabi ya ɗaga hannu har ya gaji, ba wanda ya ba shi dama. Aka damƙa wa kowa farar sanda, aka ɗauki hoto, mota ta tashi.

Yana miƙewa ƙafarsa ta taɓa wani abu. Ya duƙa ya shafa. Dutsen nan ne mai tsaga a tsakiya, na kusurwar gidan maƙwabcinsa Tamada, inda yake juyawa hagu. Ashe nan aka kwaso su, aka shafe su da farar ƙasa don ƙawata fili.

Bai ma yi fushi ba. Gajiya ce kawai ta sauko masa har ƙashi. Ya miƙa wa Larai sandar, ya rungumi dutsen.

"Baba, mun yi alkawari."

"Mun yi. Ban ɓace ba, hanyar aka kwashe." Ya gyara riƙon dutsen, maganar na yi masa nauyi. "Yau kaɗai ki ja ni gida. Daga ƙofa zan faro."

Larai ta dubi duwatsun da suka kewaye filin, ta dubi tsohon rungume da dutsensa. Sai ta kwance kallabinta ta yi gammo.